Kafin A Sayar Da Tsohon Keken Ɗinki, A Duba Gidan Ƙoshiya

Duk wanda ya saba bi ta layin teloli a kasuwar Garki, ko ya ratsa lungunan tsohon ƙauyen Garki sa'ad da azumi ya raba tsakiya, ya san irin ƙarar da ke tashi daga shagunan nan tun daga hantsi har dare ya yi nisa. Ƙarar kuwa iri biyu ce. Akwai ta manyan kekunan lantarki irin su Juki, masu gudu kamar ana korarsu, akwai kuma ta baƙin keken nan na ƙafa mai adon ruwan zinariya, wanda ke tafe da ɗan kiɗansa ba gaggawa. Da an ɗauke wuta sai na farkon su yi tsit, na biyun kuwa bai ma san an yi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tayar da janareta don a ɗinke riga ɗaya ya zama abin da sai tela ya yi lissafi tukuna, saboda haka baƙin keken da aka fara turawa kusurwar shago ya sake samun daraja.

Duk da haka kekuna masu yawa irin wannan suna nan kwance a ƙarƙashin gadaje da bayan ƙyamare, waɗansu kuma 'yan jari-bola sun riga sun ɗora su a sikeli sun biya kuɗin ƙarfe. In ka tambayi dalili, amsar ba ta cika wuce uku ba: ko keken yana tsallake, ko yana tsinka zare, ko kuwa zare yana cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi. Daga nan sai a yanke masa hukunci, a ce ya tsufa, ya mutu. Alhali kuwa kan keken nan na zubin ƙarfe da wuya ya mutu. Ciwon yana wani ɗan wuri ne da bai fi tafin hannu ba, a ƙarƙashin allura, inda kwarkwaro da ƙoshiya suke, kuma galibinsa bai wuce datti da mugun mai da kayan da ba na keken ba. Ga telan da ya karɓi ɗinkin Sallah na gidaje goma, ko matar da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta da ɗinkin cikin gida, sanin wannan ɗan wuri ba ƙaramin abu ba ne.

Mafi yawan tsofaffin kekunan da ke Garki sun girmi unguwar kanta. A ran 3 ga Fabrairu, 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, Garki kuwa tana cikin unguwannin da aka fara ginawa kusa da ƙauyen Gbagyi mai wannan suna, kafin gwamnati ta taso daga Ikko baki ɗaya a ran 12 ga Disamba, 1991. Ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki sun zo da iyalansu daga Ikko da Kaduna da sauran garuruwa, keken ɗinkin uwargida yana cikin kaya. Teloli kuma suka biyo su daga Kano da Zariya da Bida da ƙasar Nijar, kowa da kan kekensa a naɗe cikin buhu. Keken da ya yi wannan tafiya ya riga ya ci shekara 20 ko 30 a hannun wani kafin ya iso.

Sunayen nan biyu, kwarkwaro da ƙoshiya, ba keke ne ya zo da su ba. Na masaƙa ne. Ƙoshiyar masaƙi ɗan itace ne da aka fafe kamar kwalekwale, a cikinta ake sa kwarkwaro mai ɗauke da zare, ana jefa ta dama da hagu tsakanin zaren da aka miƙe. Da keken ɗinki ya shigo ƙasar Hausa, musamman bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 kayan Turai suka cika kantuna, sai aka ga wani ɗan ƙarfe a cikinsa yana irin wannan aiki, aka ba shi sunan da aka sani. Kwarkwaro shi ne ɗan abin da ake naɗe zaren ƙasa a jikinsa, ƙoshiya kuwa ita ce kwanson da ake sa shi ciki. A shagunan sayar da kayan keke na Abuja, inda ake cuɗanya da kowace ƙabila, mai karatu zai fi jin ana cewa rila da shatil. Abin ɗaya ne.

Akwai kuma na uku da mutane ba su cika kula da shi ba, domin sai an leƙa ake ganinsa. Wani ƙarfe ne mai siffar jinjirin wata, da tsini a baki ɗaya, wanda ƙoshiya ke zaune a tsakiyarsa. Za mu kira shi ƙugiya. Tana kai da komowa ne a cikin wani zoben ƙarfe da aka yi mata hanya a ciki, wannan zobe da abin da ke cikinsa shi ake ce wa gidan ƙoshiya.

To, ga yadda ɗinki ke ƙulluwa. Allura takan huda yadi ta sauka da zaren sama har iyakarta. Da ta fara komawa sama, kimanin milimita 2 zuwa 2 da rabi, sai zaren ya yi sako-sako ya buɗe ɗan hanko a gefenta. A daidai wannan lokaci tsinin ƙugiya zai iso, ya shiga hankon, ya ja shi ya kewaye ƙoshiya da shi baki ɗaya, watau zaren sama ya rungumi zaren ƙasa ke nan. Sa'an nan ƙarfen nan da ke sama da ƙasa a goshin keke ya fizgo zaren, ƙullin ya shige tsakiyar yadi ya zauna. Ƙugiya ba ta cika zagaye, takan yi ɗan abin da ya fi rabi ta komo. Wannan yana faruwa sau ɗaruruwa a minti guda in ƙafar tela ta kama. Mai karatu zai ga cewa duk aikin ya rataya ne ga abu biyu, watau tsinin ya sami hankon a kan lokaci, zaren kuma ya sami hanya mai santsi da zai sulale ta bayan ƙoshiya. In na farko ya kuskure, keke ya yi tsallake. In na biyu ya ɓaci, zare ya tsinke ko ya cushe.

Wannan dabara ta zare biyu tsohuwa ce. Elias Howe na Amurka ya yi rajistarta a 1846, Isaac Singer ya fito da nasa keken a 1851. Ƙoshiyar kekunan farko doguwa ce mai kama da ta masaƙa sosai, da siririn kwarkwaro a ciki, har yanzu akan yi kiciɓis da irinsu jefi-jefi, kamar Singer 27 da 28 da 127 da 128. A 1879 ne kamfanin Singer ya fitar da samfurin da ƙugiyarsa ke lilo a wuri ɗaya, wanda daga baya aka gyara shi ya zama Singer 15. Yawancin waɗanda suka zo ƙasashen da Ingila ta mulka an ƙera su ne a babbar masana'antar kamfanin da ke Clydebank a Sikotilan, wadda aka rufe a 1980. Harafin K da ake gani a sunan 15K alamar wannan masana'anta ce, daga Kilbowie, sunan wurin da take. Wanda ke son sanin shekarun kekensa sai ya duba lambar da aka buga a gaban gadon keken ta hannun dama. In ta fara da harufa biyu, na farkon E, to aikin Clydebank ne daga 1935 zuwa gaba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan suka shiga kwaikwayon Singer 15, na Indiya da na Sin ma haka. Butterfly na birnin Shanghai, wanda ya zama shi ne keken kowa a Nijeriya, ɗan wannan zuriya ne. Amfanin haka shi ne kwarkwaron Butterfly na yau, mai faɗin kimanin milimita 20, yana shiga keken Singer 15 da aka ƙera tun kafin a haifi kakan mai shi. Illarsa kuwa ita ce mutane sun ɗauka kowane baƙin keke ɗaya ne da ɗan'uwansa, ba kuwa haka ba ne.

Alal misali, ƙoshiya tana da ɗan yatsa da ke shiga wani gurbi a saman gidanta don kada ta juya. A Butterfly da tsofaffin Singer 15 irin su 15-30, yatsan yana karkata dama ne, kamar hannun agogo a ƙarfe 1. A waɗansu na baya, irin su 15-88 da 15-90 da 15-91, hagu yake karkata, kamar ƙarfe 11. Allurar ma ta bambanta wajen sawa. A na farkon, gefen allura mai faɗi yana duban dama, a zura zare daga hagu. A na biyun, faɗin yana duban hagu, a zura daga dama. Wanda ya gaji 15-90 daga mahaifiyarsa, ya kai wa yaron shagon da bai taɓa sanin wani keke ba sai Butterfly, to za a sa masa allura a juye, keken ya ƙi ɗaukar zare ko sau ɗaya, a ce masa ya lalace. Haka kuma Singer 66 da 99 da 201, waɗanda ake jefa musu kwarkwaro daga sama, nasu kwarkwaron daban ne, gefensa ya ɗan yi doro, bai kuma kai na 15 tsayi ba. Yana iya shiga inda ba nasa ba, amma ba zai yi aikin kirki ba.

Allura ma iri biyu ake sayarwa a kasuwa. Akwai HA, mai faɗi a gefe ɗaya na gindinta, ita ce ta baƙin keken gida. Akwai DB, mai gindi zagayayye, ta manyan kekunan lantarki. A shagon da ake da kekunan duka biyu, allurai sukan cakuɗe a gwangwani ɗaya. DB a cikin baƙin keke ba ta tsayawa daidai inda ƙugiya ke jiranta, wani lokaci ma takan gogi tsinin ta yi masa rauni. Saboda haka kafin a taɓa ko kusa ɗaya, a fara sa sabuwar allura ta ainihi, lamba 14 ga yadi mai laushi, 16 ga shadda da makamantanta, a tura ta sama har ta tokare, a ɗaure. A ganina wannan kaɗai yana warkar da tsallake fiye da kowane gyara da ake biyan kuɗi a kansa.

Sai maganar datti, wadda a Abuja take da kaka biyu. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ta haɗu da ɓurɓushin yadi da sitacin shadda da man da ke gidan ƙoshiya, su zama wani baƙin ƙulli mai cin ƙarfe sannu a hankali kamar dutsen wasa wuƙa. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma laima ce, keken da aka ajiye mako biyu ba mai sai a tarar tsatsa ta yi masa ja a inda zare ke bi. Amma duka biyun ba su kai hannun mai keke ɓarna ba. Da yawa in man keke ya ƙare sai a ɗiga man gyaɗa, waɗansu har man ja, waɗansu baƙin man mota. Man gyaɗa yana sa keke ya yi laushi yau, bayan 'yan watanni ya daskare ya zama danƙo kamar ƙaro, ya riƙe ƙugiya gam. Man mota ya yi kauri, yana kama ƙura, yana kuma ɓata farin yadi. Man keke na ainihi fari ne kamar ruwa, ba kauri, kuɗin kwalbarsa kuwa bai kai na ɗinkin hula ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Wanda zai tada keken da ya daɗe a ajiye, abin da yake bukata kaɗan ne: kananzir, tsohon buroshin haƙori, farin ƙyalle, ƙaramar sukuddireba da babba, sai haƙuri. Tun a littattafan da kamfanin Singer ke haɗawa da kekunansa an yi umurni da kananzir ga keken da mai ya daskare masa. A cire allura da zare, a kwance farantin da ke ƙarƙashin allura, a kwantar da kan keken baya. In wili ya ƙi juyawa kada a yi masa ƙarfi, balle a ɗauko guduma. A ɗiga kananzir a kowace gaɓa, a bar shi ya kwana, gobe a ɗan motsa gaba da baya, a ƙara. Akwai keken da sai ya yi mako guda yana shan kananzir kafin ya saki. Sau da yawa abin da ya riƙe shi guntun zare ne da bai kai tsawon farce ba, ya maƙale tsakanin ƙugiya da hanyarta.

Da ya saki, sai a buɗe gidan ƙoshiya. A waɗansu kekuna maƙalai biyu ne ake turewa gefe, a waɗansu kusoshi biyu ake kwancewa. Kafin a cire kome a ɗauki hoton wurin da waya, abin da masu gyaran da ba su samu ba, sa'an nan a jera duk abin da aka ciro a kan farin ƙyalle bi da bi yadda ya fito. A jiƙa ƙugiya da zobenta a kananzir, a goge da buroshi, a bi hanyar da tsinken sakace a fitar da abin da ya daskare a lungu. Tsakanin haƙoran keke ma akan tarar da ɓurɓushi ya taru ya yi tauri kamar tsumma, har ya hana haƙoran tasowa. Tsatsa mai sauƙi tana fita da kananzir da lallausan soson ƙarfe. Ruwa da sabulu kada su kusanci wurin. Haka nan a kiyaye baƙin fentin jikin keke da adonsa daga sifirit da fetur, domin suna cinye ƙyallin da aka shafe shi da shi, zinariyar ta koma fari. Man keke da auduga sun isa goge shi.

Bayan wanki sai bincike, kuma yatsa ya fi ido gani a nan. Zaren sama ba sau ɗaya yake wucewa ta kan ƙugiya ba, kowane ɗan yanki nasa yana sauka ya hau sau da dama kafin ya zauna a yadi. Saboda haka ɗan kaushin da ido ba ya gani ya isa ya tsinka shi. A shafa auduga a jikin ƙugiya, da bayan ƙoshiya, da ramin da allura ke shiga a faranti. Duk inda audugar ta maƙale, nan allura ta taɓa sara. A goge wurin da sanfefa mafi laushi da za a samu, an ɗiga mata mai, a hankali, ana bin tsawon ƙarfen. Abin da ba a yi shi ne a ɗauki zarto a ce za a fiƙe tsinin ƙugiya. Tsawonsa a aune yake. In ya ragu ko kaɗan zai riƙa iso wa hanko a makare, tsallaken da aka zo gyarawa ya zama na dindindin. Ƙugiyar da tsininta ya karye sai dai canji.

In an mayar da kome, a ɗiga mai ɗigo ɗaya tak a hanyar ƙugiya. Ɗigo ɗaya kowace safiyar aiki ya fi cokali guda sau ɗaya a wata.

Yanzu mu zo ga ƙoshiya kanta, inda aka fi yin ɓarna da sunan gyara. A jikinta akwai wani ɗan sifirin mai faɗi kamar ganye, zaren ƙasa yana bi ta ƙarƙashinsa, da wata 'yar kusa da ke ƙara masa matsi ko ta rage. Da tela ya ga zare ya yi cunkus a ƙarƙashin yadi sai hannunsa ya tafi ga wannan kusa, tun da a ƙasa ya ga ɓarnar. Amma zaren da ke taruwa a ƙasa galibi na sama ne, wanda bai sami mai jansa ba, ko don bai shiga tsakanin fayafayan matsi na sama ba, ko don an tsallake wata mahaɗa wajen zura shi. Gane gaskiyar wannan ba wuya. A sa jan zare a sama, fari a ƙasa, a ɗinka ƙyalle ninki biyu. In ja ya leƙo ta ƙasa, na sama ya yi sako-sako ko na ƙasa ya yi tsauri. In fari ya leƙo ta sama, akasin haka ne. A fara gyarawa daga sama, domin don haka aka yi wa matsin sama abin murɗawa da hannu, aka bar na ƙasa sai da sukuddireba.

In ya tabbata ƙoshiyar ce, a fara zura bakin takarda a ƙarƙashin sifirin ɗin, sau da yawa ɗan ɓurɓushi ne ya ɗaga shi. Sa'an nan a sa cikakken kwarkwaro, a tabbata zaren ya karyo baya sa'ad da yake shiga tsagar ƙoshiya, ba ya bi ta a miƙe ba. A kama bakin zaren a saki ƙoshiyar ta yi reto. In ta zube ƙasa, matsin ya yi kaɗan. In an girgiza hannu ba ta motsa ba, ya yi yawa. Daidai shi ne ta tsaya, in an ɗan fizga ta sauko kaɗan ta sake tsayawa. Ana murɗa kusar ne kwata-kwata, ba zagaye ba, kuma a kan faranti ko farin ƙyalle, domin gajeruwa ce ƙwarai, in ta faɗi a dandamalin shago an rabu ke nan. Keken da ya yi shekaru yana aiki, zare yakan sare wa sifirin ɗin hanya a ciki, a nan kome aka murɗa matsin ba zai daidaita ba. Sifirin ɗin kaɗai ake canzawa, ba ƙoshiyar duka ba.

Kwarkwaro ma yana da nasa laifi. Wanda aka taka ya lanƙwashe, ko tsatsa ta kama bakinsa, zai riƙa sakin zare da fizga. A gangara shi a kan tebur, in yana rawa a jefar. Ɗabi'ar nan ta naɗa sabon launi a kan ragowar tsohon zare, don ƙyashin sayen kwarkwaro, ita ma tana sa zare ya sarƙe. Naɗin kansa kuwa aikin wani ɗan inji ne da ke gefen wili, mai zoben roba. Zafin Abuja yana busar da robar ta tsattsage, sai injin ya riƙa sulɓewa, naɗi ya fito da laushi kamar burodi, ko kuwa tela ya koma naɗawa da hannu. Sabon zobe ba shi da tsada. In kuma zaren yana taruwa a gefe ɗaya na kwarkwaro, akwai ɗan ƙarfen da zaren ke bi a kan gadon keke kafin ya hau, a sassauta kusarsa a gusa shi wajen gefen da bai cika ba. Kada a cika kwarkwaro har bakinsa, a bar masa ɗan sarari don ya juya a sake.

Akwai inda ya kamata mai keke ya tsaya ya nemi gwani. In an yi duk wannan keken bai bar tsallake ba, a juya wili da hannu a duba haɗuwar allura da ƙugiya. Tsinin ya kamata ya wuce ta saman kafar allura da kimanin milimita 1 da rabi zuwa 2, yana dab da taɓa ta amma bai taɓa ba. A tsofaffin Singer 15 an kafe abin da ke tura ƙugiya a jikin sandarsa tun daga masana'anta, da wuya ya goce. Abin da ya fi gocewa shi ne sandar allura, wadda kan zame sama in an kara da ƙarfen zif ko kaurin jins. Kusa ɗaya ce ke riƙe da ita, mai gyaran da ya san aikinsa zai daidaita ta kafin shayi ya huce. Wanda ya fara da kwance duk ƙarƙashin keke kafin ya duba wannan, a yi hattara da shi. Ƙwanƙwasar da ake ji daga ƙasa kuma sau da yawa wani ɗan sifirin ne da ke bakin abin tura ƙugiya ya cinye ko kusarsa ta kwance, shi ma kayan canji ne.

Batun kayan canji yana son a ɗan tsaya a kansa. Ana samun sababbin ƙoshiyoyi da ƙugiyoyi a kasuwar Garki da ta Wuse, suna ƙyalli cikin leda, akwai masu kyau a cikinsu, akwai kuma waɗanda bakinsu ke da kaushi tun daga masana'anta, ko maƙallinsu ya saki kwarkwaro bayan wata guda. Araha ba ta ado. Tsohuwar ƙoshiyar da ta zo da keke, wadda ta yi duhu don tsufa, an yi ta da ƙarfe mai tauri, zare kuma ya goge ta shekara da shekaru har ta yi santsin da ba a saya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yarda a musanya ta da sabuwa don kawai ta yi baƙi. Duk wanda ya kai kekensa gyara ya yi wa ƙoshiyarsa da ƙugiyarsa alama, in an canza wani abu ya ce a ba shi tsohon ya tafi da shi gida. In kuwa canjin ya zama dole, a tafi kasuwa da tsohuwar a hannu da kwarkwaro guda, a gwada a gaban mai shago, a duba inda yatsan ya karkata. Mafi kyawun kayan canji sau da yawa yana jikin wani mataccen kan keke ne a rumfar masu gyara, wanda ya fashe a wani wuri dabam amma gidan ƙoshiyarsa lafiya lau.

Masu ɗinkin nan na yawo, waɗanda ke ratsa Area 1 da Area 3 da Garki II da kan keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi, sun fi kowa sanin wannan. Kekensu yana shan rana da ƙura yini guda, ba shago ba janareta, in ya tsaya a bakin ƙofar wani da wandon mutane a ƙarƙashin allura, ba wanda za su kira. Shi ya sa ba ka raba jakarsu da 'yar kwalbar mai da buroshi da ƙoshiya ta biyu.

Keken da aka gama yi wa wannan aiki ba a fara shi da shaddar mutane. A sami tsohon ƙyalle a yi ta ɗinki a kansa har kananzir da ragowar mai su gama fita, zaren ƙasa ya fito fari tas. A saurari ƙarar, ya kamata ta zama ɗaya ba ƙwanƙwasa a ciki. A juya ƙyallen a duba bayansa, ɗinkin ƙasa ya yi kama da na sama har a kasa bambanta su, in an ja yadin kuma kada ya tattare. In an tashi aiki da dare, a bar guntun ƙyalle a ƙarƙashin ƙafar danne yadi, a sauke allura cikinsa ya tsotse man da zai gangaro, sa'an nan a rufe kan keken da zane, ko da kuwa da asuba za a koma kansa.